Lita Dubu Ɗaya da Ta Ɓata a Tankinmu: Littafin Koyon Intigireshan

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda lita dubu ɗaya ta man gas da aka ce ta ɓata a hannuna.

Ni ne akawun sito a wani injin casar shinkafa a nan Kura. Janaretanmu yana shan mai ne daga wani tanki da ke kwance a bayan injin, kamar an kwantar da ƙaton duro, kowa na ce masa tankin lita dubu goma. Mai waldan da ya ƙera shi ya haɗa mana da sandar awo ta ƙarfe, ya raba ta daidai wa daida: duk santimita 18, lita dubu. A watan jiya tanka ta kawo mana lita 5,000. Kafin a juye, sanda ta jiƙe zuwa santimita 45, wato 2,500. Da aka gama juyewa ta tsaya a 117, wato 6,500. Alhaji ya ɗauki biro ya ɗebe wannan daga wancan a gabana, ya samu 4,000, ya ajiye biron, bai ce uffan ba. Gara a ce faɗa ya yi. An riƙe wa mai kawo man kuɗin lita dubu, a lokacin da lita ta haura naira dubu. Direban ya yi ta rantsuwa har ya gaji. Ni kuwa tun ranar mukullin tankin ya koma aljihun ƙanin Alhaji.

Ɗiyar yayata tana aji biyu a fannin injiniya a Jami'ar Bayero. Na ba ta labari a waya jiya, sai ta ce, "Kawu, tankin a tsaye yake ko a kwance?" Na ce a kwance. Ta ce, "To sandarku ce ɓarauniyar." Tsakiyar tanki ta fi gindinsa faɗi, in ji ta, don haka santimita ɗaya a tsakiya ba ta zama daidai da santimita ɗaya a ƙasa. Lissafin da ke fitar da gaskiyar abin sunansa intigireshan, reshe ne na kalkulas, kuma cikin minti biyar za ta yi mini.

Na ce a'a. Na san Alhaji. Zai ce, "Yaya aka yi?" ni kuma in ce yarinya ce ta faɗa. Shekarata 41, difloma ta akanta gare ni, rabona da x da y tun sakandare. Gemu dai ba ya hana ilimi. Mun yi da ita: awa ɗaya kullum bayan isha, ran Lahadi kuma ta duba mini aikin ta WhatsApp.

Talata, 7 ga Janairu

Na shiga Kano. Tsohon littafin lissafi na 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Sabon Gari, naira 3,500, bangon baya ya yage. Kalkuleta ta kimiyya, gwanjo, 6,000. Littafin zanen giraf 800. Mota zuwa da dawowa 2,400. Jimilla 12,700, ban koyi ko harafi ba tukuna.

Asabar, 11 ga Janairu

Ashe ba a shiga intigireshan kai tsaye, sai an bi ta ƙofar ɗan'uwansa, difarenshiyeshan. Kwana huɗu ina kansa. Abin da na fahimta shi ne, yana gaya maka saurin da abu ke canjawa a daidai wani wuri. x³ ya koma 3x², x² ya koma 2x: ka sauko da ƙaramar lambar da ke bisa kai, ka rage mata ɗaya. Na yi tambaya 30, na ci 24. Shidan da na faɗi duk alamar ragi ce ta kayar da ni.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yau na ga ainihin abin. Ɗiyar yayata ta sa na zana lanƙwasasshen layin y = x² daga 0 zuwa 1, ta ce in auno girman filin da ke ƙarƙashinsa. Na ce da me, tunda gefe ɗaya a karkace yake? Ta ce, "Kawu, in aka ba ka gona mai bakin rafi ka auna, yaya kake yi?" Na ce sai in yanyanka ta kunya-kunya, in auna kowace. Ta ce shi ke nan.

Na raba filin gida huɗu, na ɗora wa kowane gida dogon akwati. In na ɗauki tsayin akwatin daga gefen hagu, akwatunan ba sa kaiwa layin, jimilla 0.219. In na ɗauka daga dama, suna wuce shi, 0.469. Amsar tana tsakani, amma tsakanin nan da faɗi. Na raba goma: 0.285 da 0.385. Raba ɗari ita ta yi mini a kwamfuta: 0.328 da 0.338. Na zuba wa lambobin ido, na ga na ƙasa yana hawa, na sama yana sauka, duk suna matsowa kan 0.333. Kashi ɗaya cikin uku.

Alamar nan ∫ da na ɗauka ƙugiya ce, ashe harafin S ne da aka ja shi ya yi tsawo, farkon kalmar da ke nufin jimilla a Latin. Laibniz, mutumin Jamus, shi ya fara rubuta ta a takardunsa a 1675. Shi da Niyuton na Ingila kowa ya gano kalkulas a gefensa, daga baya rigimar wa ya riga wa ta ɓarke a tsakaninsu da magoya bayansu. Ita kuwa dx ɗin da ake maƙalawa a ƙarshe, kaurin kowane yanka ce. To ni tara lambobi sana'ata ce. Gabana ya daina faɗuwa.

Laraba, 15 ga Janairu

Sanyi da hazo. Na yi minti ashirin, barci ya sace ni a kan littafin.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ga gajeriyar hanya: ba sai ka yi ta yanka ba. Ka nemi abin da in aka yi masa difarenshiyeshan zai ba ka x². Shi ne x³/3. Ka sa 1, ka sa 0, ka ɗebe, ka samu kashi ɗaya cikin uku a layi guda. Aikin da ya cinye mini daren Lahadin da ta wuce.

Na yi gardama. Me ya haɗa saurin canji da girman fili? Littafin ya rubuta dalilin a rabin shafi, na karanta sau uku ban kama ba. Sai da ta mai da ni bakin tanki. Ta ce in mai ya ƙaru da santimita ɗaya, lita nawa ta shiga? Na ce ya danganta da faɗin fuskar man a wurin. Ta ce to faɗin fuskar man shi ne saurin da yawan mai ke ƙaruwa da tsayi. In ka san yawan mai a kowane tsayi, difarenshiyeshan zai ba ka faɗin fuska. In faɗin fuska ka sani, intigireshan zai mayar da kai ga yawan mai. Hanya ɗaya ce, wani na tafiya wani na dawowa.

Sai batun + C da ake ƙarawa a ƙarshen amsar intigireshan, wanda take ta ja mini jan layi a kansa in na manta da shi. Na ɗauka ƙa'idar malamai ce kawai ta neman rage maki. Da na yi tunani a kan babur da safe sai na ga ai a sito kullum nake fama da shi. Takardar shiga da fita za ta gaya maka buhu nawa ya ƙaru a wata, amma ba za ta gaya maka nawa ka tarar a ciki ran ɗaya ga wata ba. C shi ne kwantan da ka gada. Tun daga nan ban ƙara mantawa da shi ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Ƙa'idar "ƙara wa lambar bisa kai ɗaya, raba da sabuwar lambar" ta yi ta aiki lafiya har na iso 1/x, wato x mai −1 a bisa kai. Nan ta ce in raba da sifili. Na ɗauka ni na yi kuskure, na sake har sau huɗu. Ashe wannan ɗaya tilo ce ta fita zakka, amsarta ln x, wato logaridam ɗin x. Na haddace, ban ce na gane ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gwajin farko da hannuna. Na ɗauko bokitin roba na gida, uwargida tana kallona tana dariya. Faɗin gindi santimita 20, faɗin baki 28, zurfi 25. Na ɗauka cikinsa faifai ne aka jera, kowane ya ɗan ɗara na ƙasa da shi. Rabin faɗin faifan a tsayi y shi ne 10 + 0.16y, girman fuskarsa π sau wannan sau kansa. Na tara daga 0 zuwa 25, ya ba ni 11,414, wato lita 11.4.

Sai na sa yara suka kawo gorar ruwa mai santilita 75, muka yi ta ɗurawa suna ƙirgawa da ƙarfi. Gora 15 ta shiga, lita 11.25 ke nan, ta sha shida kuwa ɗan kaɗan muka zuba ruwa ya kawo baki. Ƙaramin ya ce, "Baba ya yi duba." Na kwana da daɗin abin nan.

A kan bokitin ne ta turo mini labarin Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040. Ya ɗauki wata siffa mai kamar tulluwa, ya yanyanka ta faifai-faifai, ya nuna cewa tana cin kashi 8 cikin 15 na gangar da ta kewaye ta. Sai da ya fara gano yadda ake tara lambobin da aka ninka sau huɗu a kansu kafin ya kai ga haka. Shekara fiye da ɗari shida kafin alamar ∫, ba kalkuleta. Ni a matsayin mai nazarin gani da haske kawai na taɓa jin sunansa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mako guda ban buɗe littafi ba. Tirela biyu ta shanshera, sai goma na dare nake komawa gida.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na auna tankin. Mukulli ba ya hannuna, amma bayan tanki ba ya buƙatar mukulli. Na zagaya shi da igiya, na shimfiɗa ta a kan tef: santimita 568 da ɗoriya, faɗin waje 181 ke nan. Tsawo 401. Na kira mai waldan na tambaye shi kaurin farantin ƙarfen, ya ce milimita biyar, ya kuma tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. In an cire kaurin gefe biyu, ciki 180 ne da 400. Marufan gefe a miƙe suke, ba masu tudu ba, wannan ya rage mini aiki. Cikakken tanki zai ci lita 10,179.

Yadda nake kallon man yanzu: tabarmi ne aka jibga, kowace tsawonta 400, amma faɗinsu ya bambanta. Ta can ƙasa siririya ce kamar ɗamara, ta tsakiya 180. A tsayi y, faɗin tabarma shi ne 2√(y(180 − y)), daga lissafin Fisagoras ya fito, shi kaɗai na tuna daga makaranta. A tsakiyar tanki santimita ɗaya lita 72 ce. A tsayin santimita 10, lita 33 ce kacal. Sandarmu kuwa ko'ina cewa take 55 da rabi.

Nan na tuna wani abu da ya sa na miƙe tsaye. Bara sau biyu muna kiran makaniki a kan cewa janareta ya zama mashayi, kuma duk a lokacin da mai ya yi ƙasa ne. Ya canza abin tace mai, ya karɓi kuɗinsa. Da aka kawo sabon mai sai muka ga shan ya ragu, muka ce makanikin nan gwani ne. Janaretan bai canza hali ba. Sanda ce ke saurin sauka a gindi, ta yi nawa a tsakiya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ban iya intigireshan ɗin wannan √ ɗin ba tukuna, don haka na koma yanka da hannu. Na zaɓi rabin tanki, tunda na san amsarsa, 5,089. Da tabarmi masu kaurin santimita 30, ina haɗa faɗin sama da na ƙasa in raba biyu, na samu 4,726. Da kauri 15, na samu 4,960. Akwai wata dabara da ake jingina wa Simsin, mutumin Ingila, inda ake ninka faɗin da 1, 4, 2, 4, 2, 4, 1 kafin a tara. Da lambobin nan dai guda bakwai ta ba ni 5,038. Saura lita 51, kuma kusan duk a gindi suka maƙale, inda bangon ke buɗewa da sauri.

Jamusawa sunan Kefla suke sa wa wannan dabara, masanin taurarin nan. A 1613, shekarar da ya yi aure na biyu, yana zaune a Linz ta ƙasar Ostiriya, ya sayi gangunan giya. Ya ga mai sayarwa ya zura sanda ta bakin ganga, ya karanta, ya yanke kuɗi, ko ganga mai tumbi ce ko siririya. Abin ya tsaya masa a rai har ya rubuta littafi guda a kan awon ganga, ya fito a 1615. Abin da ke cikin gangarsa ba namu ba ne, amma sandar nan na san ta.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mummunan mako. Dabarar musanya ce, inda kake lulluɓe wani ɓangare ka kira shi u don lissafin ya yi sauƙi. Tambayar: 2x(x² + 1)³ daga 0 zuwa 1. Na sa u = x² + 1, komai ya narke ya koma u⁴/4, na ji daɗi, na sa 1 da 0, na samu 0.25. Bayan littafi ya ce 3.75. Na sake, 0.25. Daren Alhamis da na Juma'a duk a kanta suka ƙare, har na rubuta "kuskuren ɗab'i" a gefen shafin da jan biro.

Ta duba hoton ta ce, "Kawu, ka canza kuɗi zuwa sefa, amma farashin ka bar shi a naira." Iyakokin 0 da 1 na x ne. In x ya tashi daga 0 zuwa 1, u daga 1 yake tashi zuwa 2. Sha shida a ɗebe ɗaya, a raba huɗu, 3.75. Na goge abin da na rubuta wa mai littafin, jan biro kuwa ba ya gogewa da kyau.

Na sayi data ta 3,000, na sauke manhajar lissafi ta GeoGebra. Tana zana layin ta shafa wa filin launi, in amsata ta kauce nakan gani da ido kafin in duba baya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Intigireshan na gida biyu, irin x cos x. Na yi shida, na ci huɗu. Ta ce tankina ba ya buƙatarsa, in wuce, in dawo daga baya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yau muka fasa √ ɗin. Ana auna tsayi daga tsakiyar da'ira, a kira shi 90 sin θ (θ kusurwa ce), sai tushen ya warware ya bar cos²θ, shi kuma a mai da shi (1 + cos 2θ)/2. Shafi biyu. Na yi sau uku, na ukun ba tare da na leƙa ba. Abin da ya fito, in R rabin faɗi ne, L tsawo, h inda sanda ta jiƙe:

V = L × [R² cos⁻¹((R − h)/R) − (R − h)√(2Rh − h²)]

Da na zana shi sai na ga ba wani dodo ba ne. Kashin farko yankan kankana ne daga tsakiyar da'ira, na biyu kuma alwatikar da ake cirewa daga samansa, abin da ya rage shi ne man.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na sa h = 45 a kalkuleta. Ta ce lita 192,997. A tankin lita dubu goma.

Gwiwata ta yi sanyi. Na bi shafi biyun nan layi-layi har ƙarfe ɗaya na dare ina neman inda na karya, ban samu ba, don babu. Da asuba na tura mata, amsarta kalma uku: "Kawu, duba allon." A saman allon kalkuleta akwai wani ɗan mitsitsin harafi D. Tana auna kusurwa da digiri, ta ba ni 60, alhali kalkulas da radiyan yake aiki, inda wannan kusurwa take 1.047. Ƙa'idar da ta ce sin yana komawa cos ma, da radiyan kawai take tsayawa. Mai gwanjon bai ba ni takardar bayani ba, sai da na yi ta latse-latse kafin D ya koma R.

Talata, 18 ga Fabrairu

Santimita 45: lita 1,990. Santimita 117: lita 7,004. Tsakaninsu 5,014.

Na daɗe zaune a bakin gado. Bawan Allah nan ya kawo mansa cif. Wata biyu ana kallonsa da ni a matsayin waɗanda suka haɗa baki.

Na so in buga wa Alhaji waya a daren, ta hana ni. Ta ce takarda ba ta isa ba, sai an gwada a jikin tankin. An yi sa'a mai ya yi ƙasa, ana shirin wanke dattin gindi ran Juma'a kafin a kawo sabo. Na fitar da jadawali: 10 lita 222, 20 lita 618, 30 lita 1,115, 60 lita 2,970, 90 lita 5,089.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na ji kunya yau, kuma ni na jawo wa kaina, don tun kafin a fara na cika baki.

An zuƙe ragowar man zuwa durorruka, aka wanke tankin ta bakin magudana, ba wanda ya shiga ciki. Na aro ma'aunin lita 20 irin na gidan mai, na ba yaron da ya kawo shi 1,500. Ban yarda da duro ko jarka ba, kowannensu yana cin fiye da sunansa. Muka auna sau hamsin, lita 1,000 daidai, ni ke zana ƙirga a bango da gawayi. Na faɗa a gaban ƙanin Alhaji da leburori uku cewa sanda za ta tsaya a 27.8.

Aka zura, aka zaro. Talatin. Aka goge aka sake, talatin. A jadawalina 30 lita 1,115 ce, na wuce da 115. Ƙanin Alhaji ya ce, "Malam akawu, boko ya ƙi ne?" Leburori suka kwashe da dariya. Tsohuwar sandar dai 1,667 ta ce, kuskurenta ya ninka nawa kusan sau shida, amma wa zai saurari wannan a lokacin? Wanda ya ce zai faɗi daidai shi ake kama wa.

Na koma gida ina ta juya abin. Ma'aunin ne? Kaurin ƙarfen ne mai walda ya faɗa mini ba daidai ba? Na gwada da milimita uku, na gwada da takwas, ba wanda ya motsa amsar ko kusa da 115. Ita ma ta bi lissafin ta ce babu aibu.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Wani magini da ke gyaran katangar injin ne ya warware, bai san ma me ake ciki ba. Ya ga ina zagaya tankin, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan tankin naku ya zauna ta gabas, tun damina nake ganinsa." Ya ɗauko siririn tiyonsa mai gani-har-hanji, ya cika shi da ruwa, ya riƙe baki ɗaya ni na riƙe ɗaya, kamar yadda suke daidaita ginin tushe. Gefen gabas ya fi na yamma ƙasa da santimita 6. Dakalin da ke ƙarƙashinsa ya nutse.

Ramin sandar kuwa a gabas yake, santimita 50 daga ƙarshe, wato 150 daga tsakiya. Shida cikin 400, sau 150, ya ba da 2.25. Sanda tana ƙara santimita biyu da kwata a kan zurfin tsakiya. Talatin a cire 2.25, saura 27.75. Ni 27.8 na ce.

Na ba shi 2,000, ya ƙi karɓa, sai da na ce na goro ne.

Duk lissafina a kan tankin da ke kwance daidai na gina shi, ban taɓa tambayar ko namu haka yake ba. Da dare na yanka tankin ta tsawonsa gida takwas a Google Sheets, kowane da nasa zurfin, na tara. Bambancinsa da ɗaukar zurfin tsakiya kawai bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, sai dai can kusa da gindi ko can sama. Na maimaita lissafin Disamba da gyaran: 1,851 kafin, 6,849 bayan. Abin da ya shiga, 4,998.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Karatu ya koma bayan sahur, minti talatin. Kuɗin da na kashe zuwa yau 19,200.

Talata, 4 ga Maris

Na samu Alhaji bayan azahar. Ban kai masa ∫ ko ɗaya ba. Na tafi da gorar ruwa babba, na kwantar da ita a kan teburinsa, na zuba kofi ɗaya na sa alama, na ƙara kofi na sa alama, har ta cika. Alamomin ƙasa da na sama sun yi nesa da juna, na tsakiya sun cure. Ya ɗauki gorar ya juya ta, ya ce, "Yaya aka yi ka san na tankin?" Na ce masa tabarmi, na zana guda shida a bayan rasit, na nuna masa yadda ake tarawa. Ya sa na maimaita na santimita 30 a gabansa. Sannan ya tambayi abin da ban shirya masa ba: in haka ne, sau nawa aka kawo mana mai bai cika ba sanda ta ce ya cika? Na ce sai na koma littattafan baya. Ya ce in koma.

Bai ce mini yi haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Ya kira mai kawo man a gabana ya ce ya turo lambar asusu. Da la'asar ƙaninsa ya ajiye mukulli a kan teburina ya fita.

Asabar, 8 ga Maris

Na samu lambar direban na kira shi. Ya ce tun watan Janairu aka ɗauke shi daga hanyar Kura, yanzu Gusau yake kai mai. Na yi masa bayanin sandar, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ita," muka yi dariya, tasa ba ta kai tawa tsawo ba.

Abin da ke gaba: magini zai ɗaga gefen gabas ya sake dakali bayan salla, ya ce siminti buhu uku. Sai an daidaita tankin zan sa a yi sabuwar sanda, kuma santimita kawai za a zana mata, litocin suna jadawalin da zan manna a ƙofar sito. Akwai rasit na kawo mai goma sha ɗaya na bara da zan bi ɗaya bayan ɗaya. Ɗiyar yayata ta kuma jefo wata: man gas yana kumbura da zafi, lita 5,000 za ta iya ƙaruwa da wajen lita 40 in zafinsa ya hau da digiri goma, ga shi bazara ta ƙarato. Daga yanzu awon safe kawai zan riƙa rubutawa. Gobe in Allah ya kai mu zan koma kan x cos x, tambaya ta biyar da ta shida.